Itacen da ya zama dutse a gindin rijiya: wa ya ƙirga masa shekaru?

Wani ɗalibin lise daga Maraɗi ya aiko da wannan tambaya: "Kawuna maginin rijiya ne. A wata rijiya da suka gina arewa da gari sun ciro wani abu mai kamar guntun itace, har da zanen jikin itace da gurbin reshe, amma dutse ne, mai nauyi ƙwarai. Na kai wa mushenmu, wato malaminmu, ya ce itace ne da ya shekara miliyoyi, kuma da irin waɗannan ake karanta tarihin halittun duniya. To wa ya ƙirga shekarun? Ba hasashe ba ne kawai?"

Ɗana, sannu da ƙoƙari, kuma ka gaishe mini da kawunka. Na daɗe ina aikin binciken ƙasa tare da masu foraji a jihar nan da ta Tawa, kuma rabin abin da zan gaya maka a bakin rijiya na fara ganinsa da ido, wurin mutane irinsa.

Mushenka ya yi gaskiya, itace ne. Wata rana ya faɗa cikin kogi, yashi ya binne shi tun gara ba ta same shi ba. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ɗauke da sinadarin da yashi ya ƙunsa, wanda ake ce wa silika, narkakke kamar gishiri a miya. Ruwan nan ya yi ta ratsa itacen yana ajiye silika a kowane ɗan rami na jikinsa, itacen kuwa yana ruɓewa sannu a hankali, har dutse ya gaji siffarsa kaf. Idan aka yanko shi siriri aka sa a madubin ƙara girma, sau da yawa ana ganin ƴan jijiyoyin da ruwa ke bi ya hau bishiyar tun tana raye. Irin wannan shi ake kira burbushin halitta, a lakwal ku ce fosil. Ƙashi, haƙori, katantanwa, ganye, sawun ƙafa, har kashin dabba, duk suna iya zama haka.

Sai dai abu ne mai wuyar faruwa. Dubi mushen jaki a bakin hanyar Tibiri: ungulu su ci, karnuka su ja, rana ta farfasa ƙashin, kafin damina biyu babu ko alama. Haka ƙarshen kusan duk mai rai yake. Wanda ke tsira shi ne wanda laka ko yashi ya rufe da sauri, a gindin kogi, ko tafki, ko teku. Tsofaffinmu sun ga yadda hakan ke faruwa a 1945, da Gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohon garin Maraɗi da ke kwari, har aka tashi aka hau tudu. Tukunyar da lakar shekarar nan ta rufe tana iya kasancewa a wurin har yau, a ƙarƙashin abin da ruwan shekarun da suka biyo baya ya ƙara zubawa.

Amsar tambayarka daga nan ta fara. Ka tambayi kawunka abin da yake tararwa idan yana gina: zai ce maka da fari rairayi, sai jar ƙasa, sai marmara, wani wuri yumɓu, can ƙasa farin yashi mai ruwa. Kowane hawa a kwance yake bisa ɗan'uwansa, kuma ba ka buƙatar kowa ya gaya maka cewa na ƙasa ya riga na sama zuwa, kamar yadda damin da ke gindin rumbu shi aka fara sawa. Al-Biruni, babban malamin nan na ƙasar Khwarizm, ya rubuta wajajen 1025 cewa hamadar Larabawa teku ce a da, kuma hujjarsa daga masu haƙar rijiya ya samo ta: suna ratsa hawa-hawan ƙasa da yashi da tsakuwa, suna fasa duwatsu su tarar da katantanwar teku a ciki. A 1669 wani masani ɗan Danmak, Nicolas Steno, ya tsara wannan a matsayin ƙa'ida. Ka ga mataki na farko babu hasashe a cikinsa ko kaɗan. Bai ba ka adadin shekaru ba, amma ya ba ka jeri: wannan kafin wancan.

Mataki na biyu ka taɓa ganinsa idan ka ga ana kwashe tsohon juji don kai taki gona. A sama za ka tarar da ledar ruwa da katin waya. Ka ƙara nutsawa, leda ta ɗauke, sai gwangwani da fasasshen kwano. Can ƙasa babu ko ɗaya, sai tsingaro da toka. Idan ka je Tasawa ka tona wani jujin, jerin bai canzawa, domin leda ba ta riga kwano shigowa ƙasar nan ba. Saboda haka da ka ga leda ka san zamanin da kake, ko a wane gari ne. Wani mai awon ƙasa a Ingila, William Smith, wanda aikinsa tona magudanan ruwa ne, ya lura cewa duwatsu ma haka suke: kowane hawa da irin katantanwar da ke cikinsa, kuma jerin ɗaya ne duk inda ya je. Da wannan ya zana taswirarsa ta 1815. Tun daga lokacin an tona a kowace nahiya, sama da shekara 200, jerin bai saɓa ba. Akwai wani ƙwaron teku mai jiki gaɓa-gaɓa kamar kyankyaso, tirilobit. Ba a taɓa samunsa hawa ɗaya da dinoso, dabbobin nan na zamanin da masu kama da manyan ƙadangaru, ba, kullum yana ƙasa. Dinoso kuma ba a taɓa samunsa tare da doki ko giwa ko mutum ba. Masu haƙar man fetur da wannan jeri suke gane hawan da bakin injinsu ya kai, kuma ka san mai zuba miliyoyin kuɗi a rami ba ya dogara da abin da ba ya aiki.

Adadin shekarun kuwa sai a ƙarni na 20 aka samu hanyar auna shi, kuma yuraniyom ɗin nan da ake haƙowa a Arlit yana cikin maganar. Yuraniyom ba ya zama yadda yake. Sannu a hankali yana rikiɗa ya koma darma, kuma saurin rikiɗar an auna shi a ɗakunan bincike, zafi ko nauyin ƙasa ba su sauya shi. Ka ɗauka ka rufe tiya 16 ta gero a randa, kuma ka tabbata kowace shekara rabin geron da ya rage yana zama gari. Bayan shekara ɗaya saura tiya 8, bayan biyu saura 4. Idan wani ya buɗe randar ya tarar da tiya 2 ta gero da 14 ta gari, zai ce shekara uku ke nan da rufewa, ko da ba ya nan ranar da aka rufe. Irin yuraniyom da ya fi yawa yana ɗaukar kimanin shekara miliyan 4,470 kafin rabinsa ya zama darma. Randar kuwa wani ɗan ƙaramin ƙyalli ne mai suna zirkon da ke fitowa cikin tokar dutse mai aman wuta: lokacin da yake daskarewa yana karɓar yuraniyom, ba ya karɓar darma, don haka duk darmar da aka samu a cikinsa daga baya ta samu. Idan akwai toka a ƙarƙashin ƙashi da wata a samansa, an kama shekarunsa a tsakiya. Ana kuma sake gwadawa da wani ma'aunin daban, kamar fotasiyom da ke komawa iskar argon, a ga ko za su yi daidai.

Kada ka haɗa wannan da kabon 14 da ake yawan ambata a rediyo. Shi rabinsa yana ƙarewa cikin shekara 5,730, bai auna abin da ya wuce kimanin shekara 50,000. Yana da amfani ga tsohon kabari ko gawayin kufai, amma ba shi da abin cewa game da dutsenka.

Miliyoyin nan ba su shiga kai sai an kama su da hannu, to mu ɗauki igiyar guga mai mita 45, kowane santimita ya tsaya a matsayin shekara miliyan ɗaya. Gindin igiyar shi ne farkon duniya, kimanin shekara miliyan 4,500. Mita goma daga gindi, wato shekara miliyan 3,500 da suka wuce, ake fara samun alamar rai: tudun duwatsu masu hawa-hawa da ƙananan halittu irin gansakuka suka gina a bakin teku, waɗanda aka samu a yammacin Ostareliya. Daga nan ka yi ta jan igiya, mita bayan mita, kusan talatin, ba ka ga kai ba, ba ka ga ƙafa ba, sai halittun da yawancinsu ido bai gani. Dabbobi masu ɓawo da idanu sai saura mita biyar da ƴan kai suke cika duwatsu, shekara miliyan 539 zuwa sama. Dinoso ya fito saura mita biyu da santimita 30, ya ɓace saura santimita 66. Mafi tsufan ƙasusuwan mutum irinmu, waɗanda aka samu a Jabal Irhud ta ƙasar Maroko, shekararsu kimanin 300,000, wato milimita uku na ƙarshen igiyar, tsawon ƙwayar gero. Duk sanda na auna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Abin da nake so ka riƙe shi ne ba sai ka je Turai ba kafin ka ga wannan jeri. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi kowa arzikinsa a Afirka. Mu faro daga ƙasa. Falalen duwatsun da ke leƙowa kudu da mu, wajen Ɗan Isa da Maraka, narkakken dutse ne da ya daskare a cikin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, shi ya sa babu burbushin komai a jikinsu. Can arewa maso gabas, a tudun Jado, akwai duwatsun da ƙanƙara ta karce shekara miliyan 445 da suka wuce, lokacin da yankin Sahara ke kusa da ƙuryar kudu ta duniya. Kwal ɗin da ake haƙowa a Anu Araren kusa da Cirozerin, wanda ke ba Arlit da Agadas wuta, dazuzzukan fadama ne da suka binne sama da shekara miliyan 300. Kusa da Arlit ɗin kuma akwai wani hawan jan dutse da masana ke kira Moradi (sunan ya yi kama da na garinmu, amma wurin daban ne), inda aka samu wata dabba mai girman saniya, mai ƙulli-ƙulli a ka, Bunostegos akokanensis, mai ɗauke da sunan garin Akokan da ke dab da Arlit. Ta rayu kafin a yi dinoso ko ɗaya. Bayan zamaninta, shekara miliyan 252 da suka wuce, aka yi mutuwa mafi girma da duwatsu suka adana labarinta: aman wuta mai yawa a Saiberiya ya gurɓata iska da ruwa, sama da kashi 8 cikin 10 na nau'o'in halittun teku suka ƙare. Tirilobit daga nan bai sake bayyana ba.

Inda ƙasarmu ta yi fice a duniya shi ne Gadufawa, cikin Tenere, kudu maso gabas da Agadas. Yau babu komai sai rairayi da iska, amma shekara miliyan 110 da suka wuce manyan koguna ne ke ratsa wurin. Buzaye sun daɗe suna ganin ƙasusuwan yankin Agadas a sarari; har wani dinoso da aka tono wajen Ingal aka sa masa Jobaria, daga Jobar, wata halitta ta cikin tatsuniyoyinsu. A 1965 Philippe Taquet, ɗan Faransa, ya gano Ouranosaurus nigeriensis a Gadufawa, mai cin ganye da dogayen ƙasusuwa jere a gadon baya. A can aka samu Sarcosuchus, kadan da ƙoƙon kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum, jikinsa kuma mita 9 ko fiye. Tawagar Paul Sereno daga Amurka ta tono Suchomimus a 1997, dinoso mai dogon baki irin na kada, mai kamun kifi. Wanda ya fi burge ni shi ne Nigersaurus, da aka raɗa wa suna a 1999: tsawonsa mita 9, bakinsa faffaɗa ne miƙaƙƙe kamar bakin shebur, da haƙora sama da 500 jere a layi, na baya na jiran na gaba ya cinye ya maye gurbinsa, kusan duk mako biyu. Daga yadda haƙoran suka goge aka gane kansa a ƙasa yake kiwo, yana yankar ƙananan tsirrai masu laushi. Ka ga ƙashi ba shekaru kaɗai yake faɗa ba, har abincin mai shi. A cikin yashin nan kuma akwai haƙoran dangin gaiwa, ita wannan da manoma ke tonowa cikin busasshiyar laka da rani. Danginta sun kai shekara miliyan 400 a duniya. Idan Allah ya kai ka Yamai, ka shiga gidan tarihi na Bubu Hama ka tsaya gaban ƙasusuwan. Gani ya kori ji.

Akwai wani ɗan ƙaramin kada na Gadufawa, Araripesuchus, wanda aka fara samun ɗan'uwansa a Araripe ta ƙasar Barazil. Dabba mai girman kare ba ta iya ƙetare tekun Atlantika da iyo. Bayanin shi ne lokacin Afirka da Kudancin Amurka ba su gama rabuwa ba. Shi ya sa aka sa wa na Nijar wegeneri, don tunawa da Alfred Wegener, wanda ya ce nahiyoyi suna tafiya aka daɗe ba a yarda da shi ba.

Sai teku ta shigo. Daga wajajen shekara miliyan 95, ruwan teku ya riƙa ratso Sahara daga arewa, ya ja baya, ya sake dawowa. A Damargu, wajen Tanut, ana tsintar amonit, katantanwa mai naɗi kamar gammo, har akwai irin da aka sa wa Nigericeras. A Goronyo ta jihar Sakkwato, bakin kogin Rima da Gulbinmu ke zuba a cikinsa, an tono wani babban ƙadangaren teku, Goronyosaurus. Yanzu ka lura da kyau. Ka hau sama kaɗan zuwa farin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza da Kalambaina ta Sakkwato, mai kimanin shekara miliyan 60. Shi ma gindin teku ne, cike da katantanwa da wasu dunƙulallun halittu kamar ƙosai masu zanen tauraro mai reshe biyar. Amma babu amonit ko guda, babu ƙadangaren teku. Ruwa ba ya tsami banza. Tsakanin hawan biyu, shekara miliyan 66 da suka wuce, wani dutse mai faɗin kimanin kilomita 10 ya faɗo daga sama a Yukatan ta ƙasar Meziko, ya bar rami mai faɗin kusan kilomita 180. Ƙura ta tare rana, tsirrai suka mutu, kashi uku cikin huɗu na nau'o'in halittu suka tafi, har da dinoso, ban da reshensa da ya zama tsuntsaye. A 1980 Luis Alvarez da ɗansa Walter da abokan aikinsu suka nuna wani siririn layin yumɓu mai ɗauke da iridiyom, ƙarfen da ya fi yawa a duwatsun da ke faɗowa daga sama, a daidai wannan gaɓa, kuma an same shi a wurare da dama na duniya. Simintin da ke jikin katangar gidanku, idan na Malbaza ne, ɓawon halittun da suka cika teku bayan wannan masifa ne.

Hawa na can sama kuwa jiya-jiya ne. A 2000 aka gano Gobero cikin Tenere, maƙabarta mai kaburbura wajen 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe, tare da ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa da masun kamun kifi na ƙashi. A nan kabon 14 ya yi aikinsa: mutanen sun zauna tsakanin shekara 10,000 da 4,500 da suka wuce.

Ka tambaya ko hasashe ne, kuma ka cancanci a gaya maka inda rauni yake. Labarin nan yana da giɓi mai yawa. Mai taushin jiki irin tsutsa ba kasafai yake barin alama ba, mazauna tsauni ma haka. Wani zamanin ba a ajiye komai ba, wani an ajiye ruwa da iska suka kwashe. A nan kudancin Maraɗi dutsen yashi na ƙarshen zamanin dinoso zaune yake kai tsaye bisa falalen dutse mai shekara miliyan 600, kusan shekara miliyan 500 babu labarinsu a wurin. Sai an je Jado da Arlit ake cike wani ɓangare. Kuma ba ko'ina ake samun tokar aman wuta ba. Inda babu, sai a kwatanta halittun wurin da na wani wurin da aka auna, a nan kuskure kan shigo. Jobaria da fari an ba shi shekara miliyan 135. A 2009 wasu masana biyu suka sake nazarin hawan da ya fito suka mayar da shi sama da miliyan 160. Gyara ne babba, kuma hujjar dutse ce ta kawo shi. Amma ka lura da irin gyaran: an matsar da shi a kan igiya da tsawon taƙi ɗaya da ɗan ƙari, ba a ce ya rayu da raƙuma ba. Adadi kan motsa, jeri na nan daram.

Mu koma kan dutsenka. Yawancin rijiyoyi masu zurfi a jihar nan suna shan ruwa ne daga wancan dutsen yashi da tsofaffin koguna suka zuba, wanda masana ke kira Kwantinantal Hamadiyan, na tsakanin shekara miliyan 100 da 66. Idan a cikinsa kawunka ya tarar da itacen a kwance, to bishiyar ta yi zamani da dinoso na ƙarshe. Idan kuwa cikin tsakuwar tsohon kwarin Gulbin Kaba ya fito, gefensa a goge, to ruwa ne ya ɗauko shi daga wani wuri, kuma yashin da ke kewaye da shi bai faɗin shekarunsa. Wannan ne ya sa raina ke ɓaci idan na ga ana tallar haƙoran dinoso ga baƙi: da zarar an ɗauke abu daga hawansa ba a rubuta ba, an raba shi da mafi yawan abin da zai iya faɗa, ko da ya kai kyau.

Saboda haka ka koma wurin kawunka tun bai manta ba. Ka tambaye shi sunan ƙauyen, da gaba nawa suka yi kafin su same shi, da irin ƙasar da ke samansa da wadda ke ƙarƙashinsa, da launinsu, da ko akwai wasu guntayen a gefe, da ko a kwance yake ko a tsaye. Ka rubuta duka a takarda da kwanan wata, ka ɗaure ta tare da dutsen. Kada ka wanke shi da omo, kada ka shafa masa mai. Ka ɗauki hotonsa da dala a gefe don a ga girmansa, sannan ku je da mushenka sashen ilimin ƙasa na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a duba shi. Idan kuma ƙasar da aka fitar daga rijiyar tana nan a tare a bakinta, ka ɗebo kaɗan daga kowane launi a ƙulla daban-daban, ka tafi da su tare.